Yadda Ake Jinyar Mai Shanyewar Ɓarin Jiki a Gida Bayan An Sallame Shi Daga Asibiti

Ranar da aka sallami mai shanyewar ɓarin jiki daga asibitin Komfo Anokye, wanda mutanen Kumasi suka fi sani da Gee, ko daga asibitin Manhyia ko na Tafo, dangi sukan yi ajiyar zuciya, su ɗauka wahala ta ƙare. Alhali daga ranar ne jinya take komawa hannunsu gaba ɗaya. A aikina na jinya, abin da ya fi ci mini rai shi ne ganin dattijon da muka sallama da fatarsa lafiya lau, bayan 'yan makonni an dawo da shi daga unguwar Aboabo ko Asawase ko Sawaba da rami a ƙasan bayansa, ko da ciwon huhu saboda koko ya bi ta hanyar numfashi. Ba rashin ƙauna ke jawo wannan ba. Iyalan nan suna kwana a kansa, suna kashe abin da suke da shi da wanda ba su da shi. Abin da suka rasa shi ne wanda zai zauna ya nuna musu yadda ake yi.

Kafin ku bar asibiti

Kada ku naɗe tabarma sai kun sami amsar wasu tambayoyi, kuma a rubuce. Ta farko, wane irin ciwo ne ya same shi: jijiyar jini ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, ko fashewa ta yi? Hoton ƙwaƙwalwa na CT ne ke bambance su, kuma bambancin babba ne, domin asfirin da ke taimakon wanda jijiyarsa ta toshe yana iya ƙara wa wanda tasa ta fashe zubar jini. Saboda haka ba a aron maganin maƙwabci don an ga ciwonsu iri ɗaya ne a ido. Sannan ku tambaya ko an gwada haɗiyarsa, me aka yarda ya ci. In yana da robar fitsari ko robar abinci ta hanci, a faɗa muku ranar da za a canza ta da inda za a canza. A ba ku ranar komawa ganin likita da ranar zuwa wurin masu fisiyo, wato masu horar da motsa gaɓoɓi. Ku duba katin inshorar lafiyarsa na NHIS. In ya kusa ƙarewa, ana sabunta shi ta waya da *929#.

Abu mafi amfani kuwa, ku roƙi nas ɗin da ke kan aiki ta tsaya ku juya shi da hannunku a gabanta, ko da sau ɗaya ne. Ku ce mata, "Sista, don Allah ki duba ko haka ake yi." Ma'aikatan jinya suna da ma'aunin da suke gane wanda gyambon kwanciya ya fi barazana gare shi, na Braden, wanda aka fitar a Amurka a 1987. Yana duba abu shida: ko mutum yana jin zafi in an danne shi, yawan jiƙewar fatarsa, ko yana tashi, ko yana iya motsawa a kan gado, cin abincinsa, da gogar fata a shimfiɗa. Maki yana kamawa daga 6 zuwa 23, kuma daga 18 zuwa ƙasa akwai haɗari. In kun san makin naku, kun san irin tsaron da ke gabanku.

Ɗaki da shimfiɗa

Yawancin gidajenmu na Zango ɗakuna ne a jere, tsakar gida ɗaya. Ku zaɓi ɗakin da ya fi samun iska da haske, ku janye gado daga jikin bango yadda mutum zai iya tsayawa ta kowane ɓangare. Tabarma ko siririyar katifa a kan siminti ba shimfiɗar mai wannan ciwo ba ce. A nemi katifar soso mai kauri da ƙarfi, wadda in an danna ba a jin katako. In akwai hali, katifar iska mai famfo na lantarki tana taimakawa, amma ku tuna da ɗauke wuta: in dumso ya daɗe, iskar tana sacewa, ya koma kwance a kan abu mai tauri. Ko da wuta ko babu, ba ta ɗauke muku aikin juyi.

A shimfiɗa roba a tsakiyar katifa, a rufe ta da zanin gado na auduga. Fatarsa kada ta taɓa robar, don gumin Kumasi kaɗai ya isa ya jiƙa ta har ta saluɓe. A saman wannan sai a ninka wani zani mai ƙarfi biyu, a gitta shi daga kafaɗa zuwa cinya. Da shi za a riƙa ɗaga shi. Matasan kai aƙalla huɗu, gidan sauro, safar hannu, bokiti mai murfi, agogo da littafin rubutu. Zani ya zama a miƙe sumul kullum, domin tattarar zani ko ƙwayar shinkafa ɗaya da ta faɗi ƙarƙashinsa tana iya fara ciwo.

Juyi

Ga yadda gyambon yake samuwa. Mai lafiya ko yana barci yana motsi bai sani ba, saboda jiki yana gaya masa wuri kaza ya gaji. Wanda ɓarinsa ya shanye ba ya jin wannan saƙo, in ma ya ji ba ya iya amsawa. Sai naman da ke tsakanin ƙashi da katifa ya matsu, ƙananan jijiyoyin jini su rufe, nama ya rasa abincinsa ya fara mutuwa. Mutuwar tana farawa daga ciki, kusa da ƙashi, shi ya sa ɗan tabon da kuke gani a waje yakan zama bakin babban rami. Cikin 'yan awoyi ɓarnar take farawa, warkewarta kuwa sai a yi watanni. Tun a 1859 Florence Nightingale ta rubuta cewa in majinyaci ya yi gyambon kwanciya, galibi ba laifin cutar ba ne, na jinyar ne. Bayan shekara ɗari da ɗoriya wata nas 'yar Ingila, Doreen Norton, ta tabbatar da bincikenta na 1962 a kan tsofaffin majinyata cewa maganin abin shi ne ɗauke nauyi daga wurin ta hanyar juyi a kai a kai. A kan wannan muke har yau: duk awa biyu.

Ku rubuta lokutan ku manna a bango. A fara bayan sallar asuba da ƙarfe 5, sai 7, 9, 11, 1, haka har dare, ana bi da bi: dama, rigingine, hagu, rigingine. Da dare, in katifa mai kyau ce kuma fata ba ta nuna komai ba, nas za ta iya yarje muku ku kai awa uku ko huɗu. A bar shi a ɓangare ɗaya daga isha zuwa asuba kuwa, wannan shi ne abin da ke kawo mana yawancin waɗanda muke gani.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka ku zama biyu. Ku wanke hannu, ku yi masa magana tukuna ko da ba ya amsawa: "Baba, sannu. Za mu juya ka ɓangaren taga." Kowa ya kama gefen zanin da aka gitta, kusa da jikinsa, ku ƙirga tare, ku ɗaga shi ku matsar da shi gefen gadon da zai ba wa baya. Ɗagawa na ce, ba ja ba. Jan mutum a kan shimfiɗa yana yage fata ta ciki ko da ba a ga komai a waje ba. Ku ɗora hannuwansa a ƙirji, ku lanƙwasa gwiwar da za ta koma sama. Wanda zai fuskanta ya sa tafi ɗaya a allon kafaɗa, ɗaya a kwatangwalo, ya mirgino shi wajensa a hankali, ɗayan kuma ya cusa matashi a bayansa tun daga kafaɗa har ƙugu.

A nan mutane da yawa suke kuskure, sai su kifa shi sosai a kan gefe, nauyi duka ya koma kan ƙashin kwatangwalo. Abin da ake so karkata ce kaɗan, misalin digiri 30, yadda nauyin zai sauka a kan tsokar ɗuwawu. Gwajinsa mai sauƙi ne: zura tafin hannu ƙarƙashin ƙasan bayansa. In ka taɓo ƙashin nan na saman tsagar ɗuwawu ka ji ba ya danne katifa, ka yi daidai. Sai matashi tsakanin gwiwoyi don ƙashi kada ya gogi ƙashi. In a rigingine yake, a sa matashi a tsaye ƙarƙashin sha-raɓa, daga ƙasan gwiwa zuwa saman idon sawu, dunduniya ta rataya a iska har hannu ya wuce ƙarƙashinta. Kan gado kada ya wuce digiri 30 sai lokacin cin abinci, don in ya yi tsayi mutum yana zamewa ƙasa, fata ta tsaya a zani, ƙashi ya tafi.

Hannun da ya shanye yana bukatar kula ta musamman. Tsokar da ke riƙe kafaɗa ta saki, in aka ja hannun kafaɗar tana iya gocewa, ta bar shi da ciwon da zai hana shi barci ya kuma hana shi motsa jiki. Ba a ɗaga shi ta hannu ko ta hammata. Yana iya kwanciya a kan ɓarin da ya shanye, amma a zura hannu a jawo allon kafaɗar gaba kaɗan don kada ya danne kanta. In a ɓarin lafiya yake kwance, a ɗora hannun mara lafiya a kan matashi a gabansa, yatsu a buɗe. In an zaunar da shi a kujera, kada ya wuce awa biyu, kuma ba a sa masa zoben roba ko gammo a ƙarƙashi, don suna datse jini a kewayen wurin.

Duba fata

Littattafan da aka koyar da mu da su suna cewa alamar farko ja ce wadda ba ta gushewa in an danna. A fatarmu jan nan sau da yawa ba ya fitowa, kuma wanda ya zauna jiransa zai ga ƙuruciyar ciwon ta wuce shi. Abin da za ku nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu, ko ya yi shuɗi-shuɗi kamar jini ya kwanta, ko yana ƙyalli. Ido kaɗai bai isa ba. Ku cire safar hannu in fatar ba ta fashe ba, ku taɓa da bayan yatsu: ya fi sauran jiki zafi ko sanyi? Ya yi tauri, ko ya yi laushi kamar akwai ruwa a ciki? Ku gwada da ɗaya ɓangaren, dunduniya da dunduniya, kwatangwalo da kwatangwalo. In majinyaci ya yamutsa fuska da kuka taɓa, ku ɗauki wannan da muhimmanci.

A yi dubawar da hasken rana, a buɗe taga, safe da yamma, sannan a leƙa a duk juyi. Wuraren su ne ƙasan baya, dunduniya, kwatangwalo, idon sawu, gwiwar hannu, allon kafaɗa, ƙeya da kunne. A duba ƙarƙashin nono da matsematsi, da inda roba ta kwanta a hanci ko a cinya. In kun ga wurin da ya canza, ku ɗauke nauyi daga kansa, ku sake dubawa bayan rabin awa. In bai koma daidai ba, matakin farko na gyambon ke nan, kada a sake kwantar da shi a wurin har sai ya washe. Kada a murza shi. Tausar wurin da ya riga ya ji rauni tana ƙara fasa jijiyoyin da ke ciki.

Akwai wani abu da muke yi da kyakkyawar niyya wanda nake roƙo a bari: gasa ɓarin da ya shanye da tsumma da tafasasshen ruwa don jini ya motsa. Wurin ba ya jin zafi yadda ya kamata, ba zai ce muku ya isa ba, sai dai ku ga fata ta tashi. Haka man zafi da tsaga.

Wanka da tsarki

Wanka kullum da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu mara kaifi, a fara daga fuska a ƙare da al'aura, ana rufe inda ba a wankewa. Soso mai kaushi na raga da muke wanka da shi bai dace da fatarsa ba, ƙaramin tawul mai laushi ya isa. A tsane ruwa da dannawa, ba da gogewa ba. Man kaɗe yana da kyau ga busasshiyar fata, musamman da hunturu, a shafa kaɗan. Hoda da sifirit a ajiye su.

Fitsari da bayan gida suna cin fata da sauri. Da zarar famfas ya jiƙe a canza, kada a jira ya cika don tsimin kuɗi, domin kuɗin wankin gyambo ya ninka nasa. A wanke daga gaba zuwa baya, a tsane, a shafa basilin ko man zinki siriri. Mai robar fitsari kuma, jakar ta zauna ƙasa da mararsa kullum amma kada ta taɓa ƙasa, robar kada ta lanƙwashe ko ya danne ta, a zubar in ta kai kashi biyu cikin uku, a wanke inda ta shiga da ruwa da sabulu kullum. Ku riƙa karanta yawan fitsarin a jikin jakar. In a yini da kwana bai kai mililita 400 ba, ko ya tsaya cak marar ta kumbura, ko ya yi kauri da wari ga zazzaɓi, na asibiti ne. In ya kwana uku bai yi bayan gida ba, ku gaya wa nas kafin ku ba shi wani abu.

In fata ta riga ta fashe

Mataki na biyu bororo ne ko saluɓewa sama-sama. Na uku rami ne har ana ganin kitse. Na huɗu ya kai tsoka ko ƙashi. Kowanne daga ciki sai ma'aikacin lafiya ya gani, na uku da na huɗu kuwa ba aikin gida ba ne sam. Kafin ku isa, a wanke da ruwan gishirin asibiti da ake sayarwa a kemis. In babu, a tafasa ruwan leda ɗaya, wato mililita 500, da ƙaramin cokali ɗaya shafaffe na gishiri, a bari ya huce a rufe, a zubar da ragowar bayan kwana ɗaya. A rufe ciwon da bandeji mai tsabta. Kada a fasa kafso a barbaɗa, kada a sa toka, garin magani ko shuɗin maganin nan da ke rina wuri har mu kasa ganin halin da naman yake ciki. Baƙin ɓawo busasshe a dunduniya ba a ɓamɓare shi. Wari, mugunya, kumburi mai yaɗuwa ko zazzaɓi suna nufin ƙwayoyin cuta sun shiga, kuma daga nan suna iya bin jini. Ku ɗauki hoton ciwon da waya duk mako, da rula a gefensa, don a ga ko gaba yake yi ko baya.

Ciyarwa

Shanyewar ɓarin jiki takan taɓa tsokar haɗiya. Abin da mutane ba su zata ba shi ne ruwa tsinkakke ya fi tuwo haɗari, saboda yana gangarawa kafin maƙogwaro ya rufe hanyar iska. Ba a ba shi komai a kwance, ba a ba shi yana gyangyaɗi. A zaunar da shi tsaf, a tokare shi da matasai, kai ya ɗan sunkuyo, haɓa wajen ƙirji. Mai ba shi ya zauna daidai fuskarsa, don in yana tsaye majinyaci zai ɗaga kai, hanyar iska ta buɗe. Ƙaramin cokali, ta ɓangaren bakin da ke da lafiya, a jira a ga maƙogwaro ya hau ya sauka kafin a ƙara. A kashe rediyo, a bar hira.

Koko a dama shi da kauri yadda zai zauna a cokali, a rage yaji. Tuwon zafi mai laushi da miyar ayoyo ko kuka, dafaffen wake da aka murje, ƙwai, kifi da aka cire wa ƙaya tas, wagashi da aka dafa ya yi laushi, ganyen kontomire (ganyen gwaza), gwanda da ayaba. Fata ba ta ginuwa da koko zalla, tana bukatar abincin gina jiki a kowane ci. Gari, ƙuli-ƙuli, shinkafa mai warwatsewa da gyaɗa a dakata da su tukuna. Gishiri kuma a ja hannu: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi da kifin gishiri irin su kobi da momoni duk cikin lissafin suke. Ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, leda uku zuwa huɗu ke nan, sai in likita ya rage saboda zuciya ko ƙoda, kuma a irin kaurin da aka ce muku.

In ya yi tari ko ya shaƙe, ko muryarsa ta koma kamar mai kurkurar ruwa, ko ido ya kawo hawaye, a tsaya. Wasu ma abinci yana shiga huhunsu ba tare da tari ba, sai dai zazzaɓi da saurin numfashi bayan kwana ɗaya ko biyu. Bayan an gama a leƙa kumatun da ya shanye, abinci yana maƙalewa a can. A bar shi zaune aƙalla rabin awa. A goge haƙora da harshe safe da dare ko da ta roba yake ci, domin ƙwayoyin cutar da ke taruwa a baki su ne ke sauka huhu. Mai robar hanci, a duba alamar da aka yi a jikinta kafin kowane ci. In ta zamo, ko ta fita, kada a tura ta a gida. Wanda aka hana ba shi ruwa ta baki, hanin ya haɗa da rubutu da tofi. A shafa masa a fuska da jiki, addu'a tana isa inda za ta isa.

Magani a kan lokaci, ko ya ji sauƙi. Hawan jini shi ne babban abin da ke jawo wannan ciwo, kuma barin maganinsa don an koma na gargajiya shi ke kawo bugu na biyu. Ku tambayi mai ba da magani kafin ku daka kowace ƙwaya, don wasu, kamar nifedifin mai narkewa sannu a hankali, in aka daka su ƙarfinsu yana fita lokaci guda.

Awo da alamun gudu asibiti

Na'urar awon jini ta dantse da ma'aunin zafin jiki sun cancanci kuɗinsu. A auna safe da yamma, bayan ya huta minti biyar, a hannun da ke da lafiya, dantse daidai da ƙirji. Likita zai faɗa muku adadin da yake so, amma in yana yawan kaiwa 140 bisa 90 ko sama a kai rahoto, in ya kai 180 bisa 120 kuma ga ciwon kai, amai ko ruɗewa, a tafi nan take. Bugun zuciya 60 zuwa 100 a minti. Numfashi 12 zuwa 20, a ƙirga minti cikakke ba tare da ya sani ba. Shi ne awon da aka fi mantawa, kuma sau da yawa shi ke fara nuna ciwon huhu. Zafin jiki 38 zazzaɓi ne, kuma kada a ce maleriya ce kawai a sayo magani, a gwada, domin huhu, fitsari da gyambo duk suna kawo shi. Mai ciwon sukari, in awo ya sauka ƙasa da 3.9 mmol/L sukari ya faɗi. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa komai a baki.

Sabon karkacewar baki, hannu ko ƙafa da suka ƙara saki, magana da ta ƙara dagulewa, farfaɗiya, barcin da ba a iya tashinsa, numfashi da kyar: ku kira motar asibiti a 112, ku lura da ƙarfe nawa abin ya fara, likita zai tambaya. Ƙafa ɗaya da ta kumbura ta yi zafi tana iya zama gudan jini ne a jijiya, kada a matsa ta.

Motsa gaɓoɓi, ibada da 'yan dubiya

Gaɓar da ba a motsawa tana ƙagewa. Sau biyu a yini a bi kafaɗa, gwiwar hannu, wuyan hannu, yatsu, ƙugu, gwiwa da idon sawu, kowanne sau biyar zuwa goma, a hankali, a tsaya inda zafi ya fara, yadda masu fisiyo suka nuna. Abin da zai iya yi da kansa a bar shi ya yi, ko zai ɓata lokaci. Watannin farko su ne jiki ya fi karɓar horo.

A tuna masa lokacin salla, a taimaka masa da alwala ko taimama. Hadisin Imrana ɗan Husaini ya ba da sauƙi: a tsaye, in ba hali a zaune, in ba hali a kan gefe. Dubiya lada ce, amma a taƙaita ta, mai mura ya dakata, kuma kada a yi maganarsa a kansa kamar ba ya nan. Da yawa daga waɗanda magana ta ɗauke musu suna fahimtar komai. Yawan kuka, ƙin abinci da juya fuska bango na iya zama ciwon damuwa, wanda yakan biyo bayan wannan cuta kuma yana da magani.

Rabon aiki

Jinya aikin daraja ne tun zamanin Rufaida al-Aslamiyya, wadda ta kafa tantinta a masallacin Madina tana kula da masu rauni, har aka kai mata Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Amma a gidajenmu sau da yawa akan bar wa mace ɗaya, mata ko 'ya ko suruka, ta yi dare ta yi rana har ita ma ta kwanta. A asibiti ba wanda ke yin haka, karɓa-karɓa muke yi, kuma kowa yana miƙa wa na bayansa bayani. Ku yi zaman iyali, ku naɗa mutum ɗaya mai tsayawa a kan magana ya zama shi ke riƙe da jadawali da magunguna da lambar nas. Ba dole sai babban ɗa ba. A raba dare tsakanin mutum biyu ko uku. Samarin gida su karɓi ɗagawa da wankan mahaifinsu, mata su karɓi na mahaifiya, don a kiyaye kunyarsa. 'Yan uwa da ke Accra ko ƙasar waje masu turo kuɗi ta MoMo, a gaya musu ainihin abin da ake bukata: katifa, famfas, safar hannu, ƙwai da kuɗin motar zuwa fisiyo.

Littafin nan ya zauna kusa da gado. A kowane shafi a rubuta kwanan wata, lokacin juyi da ɓangaren da aka juya, abin da ya ci da ya sha, fitsari da bayan gida, awo, magani, da abin da aka gani a fata. Mai sauka ya karanta wa mai hawa a bakin gado, su ɗaga zani su duba bayan tare. Ranar komawa asibiti a tafi da littafin da dukan kwalayen magani, har na gargajiya in ana ba shi. A nemi tasi maimakon faragiya mai ƙafa uku, a zaunar da shi da matashi ƙarƙashin hannun da ya shanye, a riƙe famfas na canji da zani, kuma in layi ya yi tsawo a riƙa karkata shi a kan keken majinyata duk bayan minti goma sha biyar zuwa talatin.